Dilar gwanjo ko dillancin kayan hannu: da wanne mai ƙaramin jari za ta fara?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema. Na kwashi adashina, dubu 150, kuma ba na so kuɗin su narke a cefane. Ina gida ba na fita aiki, waya ce dai a hannuna, masu kallon sitatus ɗina na WhatsApp kuma yawancinsu mata ne masu ƙananan yara. Maƙwabciyata ta ce mu haɗa kuɗi mu sayi dilar kayan yara, wato ɗaurarren ƙunshin gwanjo, a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano mu raba biyu, kowa ta riƙa ɗorawa a waya. Yayata kuma ta ce kar in soma, in fara da sayar wa mutane kayansu na hannu ina cin la'ada. Waɗanda suka san harkar don Allah ku haska mini.

Anti Bilki Kaduna: Wa alaikumus salam. Ni dai dila zan ce miki, don da ita na tashi. Ribar gwanjo tana wurin wadda ta fasa, ba wurin wadda ta tsinta a hannun wani ba. In kika je kasuwa kina tsinta ɗaiɗai, mai dila ya riga ya ɗora ribarsa, ke kuma ki zo ki ɗora taki, kafin kaya su kai ga mai saye sun yi tsada. Ku haɗa da maƙwabciyar, ku nemi dila mai kilo 45 ko 55, kar ku taɓa mai kilo 100 tukuna. Ku tambayi mai kayan daga ina ta fito kuma wane rukuni ce, don akwai ta riguna zalla, akwai haɗaka.

Hajiya Ummi (mai kula da zaure): Bilki, ki faɗa mata sauran mana. Rana nawa ƙasan dila yake yi a ɗakinki kafin ya fita?

Anti Bilki Kaduna: Hajiya ai kowace sana'a da nata. Ban ce babu kwantai ba.

Hajiya Ummi: To shi nake so ta ji tun kuɗinta suna hannunta. Maman Ilham, ƙanwata, dila a ɗaure take, ba kya ganin cikinta sai kin biya an yanke ƙarfen. In an fasa kashi uku take fita. Akwai zaɓen farko, masu kyau kamar ba a taɓa sa su ba, su ne za ki ɗora da safe kafin azahar an kwashe. Akwai na tsakiya, sai kin wanke kin goge kin yi ta magana. Sai kuma ƙasan dila: mai tabo, mai ɓallen maɓalli, wando mai kaurin da ba yaron da zai iya sa shi a zafin Kano, riga mai rubutun da uwa ba za ta yarda ɗanta ya sa ba. A ce dila ta ba ki kaya 300, kika samu 70 na farko. Waɗannan 70 ɗin su za su dawo miki da mafi yawan uwar kuɗinki, ribar kuma tana kwance a cikin sauran 230 da ba sa tafiya a hoto. Mai rumfa a kasuwa zai zube su a ƙasa ya kira araha, masu wucewa su tsince. Ke a cikin gida wa zai wuce ta gabanki? Wannan shi ne bambancin mai rumfa da mai waya, kuma shi ne abin da masu koyar da sana'ar a TikTok ba sa faɗa.

Sannan rabon dila tsakanin mutum biyu yana ɓata maƙwabtaka. Kowa idonta a kan zaɓen farko yake.

Maman 'Yanbiyu Maraɗi: Gaskiya Hajiya ta faɗa. Kuma ku duba tsadar da bosho, wato gwanjo, ya yi yanzu. Mu nan Nijar, a da daga Kwatano kaya ke shigowa kai tsaye ta Gaya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 da aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Benin, sai da manyan motoci suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina, hanya mai nisa ga hatsari. Duk wannan kuɗin a kan dila yake sauka. Ku kuma can ga faɗuwar naira.

Anti Bilki Kaduna: Wannan kam ba musu. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a farkon 2024 ta haura 1,500. Ga cire tallafin mai a Mayun 2023 da ya ninka kuɗin mota. Kuma kar a manta gwanjo yana cikin kayan da kwastan ta hana shigo da su Najeriya, shi ya sa duk lokacin da aka matsa a boda farashi yake tashi. Mun gani lokacin da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 har Disambar 2020, a Kasuwar Barci ta nan Kaduna dila sai wane da wane. Amma tsadar nan ita ta koro mutane zuwa gwanjon ma, don sabo ya fi ƙarfin mai albashi. Kasuwar tana nan.

Zainab Samaru: Ni fa ban ga dalilin zuba jari ba sam. Ina makaranta, ko sisi ban sa ba. Ina cikin zauruka na manyan diloli, wato masu sayar da kayan a sari, suna turo hotuna da farashi, in kwafa in ɗora a sitatus in ƙara dubu ɗaya ko biyu. In an biya ni sai in tura wa dila nata, ta aika wa mai saye. Maman Ilham ki ajiye kuɗinki ki yi haka.

Maman Haidar: Irin wannan ne ya sa na daina sayen kaya a waya. Na biya kuɗin takalmin makaranta, bayan kwana biyu aka ce wai an riga an sayar, in zaɓi wani. Da na ce a dawo mini da kuɗina sai aka ce sai dila ta dawo da su. Sai da na yi kusan wata ina bi. Ita yarinyar da na biya ko ganin takalmin ba ta taɓa yi ba.

Zainab Samaru: Ba kowa ce haka ba Anti. Ni in kaya ya ƙare nan take nake mayarwa.

Malama Asma'u: Zainab, 'yata, ba ana zarginki ba ne, amma akwai gyara a tsarin. Sahabi Hakim ɗan Hizam ya tambayi Manzon Allah (SAW) cewa mutum yakan zo masa neman abin da ba shi da shi, sai ya sayar masa sannan ya je kasuwa ya sayo. Aka ce masa kada ya sayar da abin da ba ya wurinsa. A gwanjo abin ya fi fitowa fili, domin kowace riga ita kaɗai ce, babu ta biyunta. Hoto ɗaya yana hannun mata ashirin, kowa tana cewa akwai, alhali rigar ɗaya ce. Mafita mai sauƙi ce: ki daidaita da mai kayan ki zama wakiliyarta, ta san kina tallata mata, ku yanke ladanki. Mai saye kuma ki gaya mata kayan ba a hannunki suke ba, bari ki tabbatar suna nan kafin ta turo kuɗi. Da haka kin koma dillaliya, kuma dillanci halal ne, iyayenmu sun ci sun sha da shi.

Zainab Samaru: To Malama in na ce ba nawa ba ne ai sai su tsallake ni su nemi dilar.

Malama Asma'u: Wadda za ta tsallake ki za ta tsallake ki ko kin ɓoye. Wadda ta zauna kuma don ta yarda da idonki ne. Shi ya sa ya kamata ki je ki ga kayan, ki taɓa, ki ɗauki hoton da kanki.

Ummu Sadik: Tunda an zo maganar dillanci, bari in sa baki, don a gidan dillaliya na tashi. Innarmu ta yi shekaru tana shiga gidajen cikin birni da ƙulli a ka. Matan kulle ba sa zuwa kasuwa, ita ce kasuwarsu. Wannan ta ba ta turmin atamfa daga lefenta, waccan ta ba ta kwanukan jere, wata sarƙa, wata tsohon gado za ta canja. Abin da nake yi yau a waya shi ne dai nata, ƙullin ne kawai ya koma hoto.

Na karanta mata tambayar Maman Ilham, ga abin da ta ce in rubuta. Ta ce dillaliya ba da kuɗi take farawa ba, da riƙe baki take farawa. Mace ba ta fitar da kayan ɗakinta don nishaɗi. Wata kuɗin makarantar yara ne ya taso, wata maigida ne ba lafiya, wata aure ne ya mutu tana so ta rabu da kayan. Ba ta so kishiya ta ji, ba ta so dangin miji su ji, wani lokacin ko mahaifiyarta ba ta so ta sani. Inna ta ce ko mai saye ta rantse ba za ta faɗa ba, ba a gaya mata kayan waye.

A nan ne waya take da hatsarin da ƙulli ba shi da shi. Inna tana kwance ƙullinta ne a gaban wadda ta zaɓa. Sitatus kuwa duk mai lambarki yana gani har awa 24, kuma ana iya adana hoton a tura gaba. Na san wadda aka ɗauki hoton kujerunta a cikin falonta, labulenta da hoton bikinta na bango duk sun fito. Kafin la'asar ƙanwar mijin ta gani ta kai gida. Abin da matar take ɓoyewa na halin da suke ciki ya bazu a dangi, ita kuma mai tallar ba ta ma san ta yi ɓarna ba. Don haka ni ƙa'idata: ƙaramin kaya a kawo gidana in ɗauka a kan farin zani. Babba irin gado da kujeru da firji, in je da kaina, a janye duk abin da zai nuna ɗakin waye. In leshi ne ko atamfar da dangi suka sani a lefe, ba na sa shi a sitatus, sai in tura wa mutum biyar ko shida da na san suna nema kuma ba unguwarsu ɗaya ba.

Hajiya Ummi: Allah Ya saka wa Inna da alheri, a gaishe mana da ita. Wannan bayani ya fi ƙarfin kuɗin data.

Maman Ilham: Amin. Anti Ummu Sadik, yaya ake yanke la'adar? Kuma in mai kaya ta ce dubu 20, na samu mai saye a 25, biyar ɗin tawa ce?

Ummu Sadik: Ku yi magana tun farko, kafin ki ɗauki hoto. Hanya biyu ce. Ko ta ce ga abin da take so a hannunta, duk abin da ya hau naki ne. Ko kuma ku yanke cewa a kowace dubu goma kina da kaza. In ba ku yi ta farkon ba, kika sayar 25 kika ce mata 20 aka saya, kin ci haƙƙinta. Ni na fi son ta biyun, don tana sa mai kaya ta saki jiki, ta san duk abin da na ƙwato mata tare za mu amfana. Kuma ki rubuta mata a saƙo ko da 'yar'uwarki ce, murya tana ɓacewa a tuna.

Anti Bilki Kaduna: Duk na ji, amma ku faɗi gaskiya, la'ada nawa ce? Sai ki yi sati kina fama da masu taya kujera, a ƙarshe mai kayan ta ce ta fasa, ko ta sayar ta bayan fage. Wahalarki ta tafi a banza. Ni kayana nawa ne, in na ga dama in karya farashi in huta. Dillanci ba ya tara jari da sauri, kar a sa yarinya ta zauna da dubu 150 a asusu naira tana cinye su.

Ummu Sadik: Wannan gaskiya ne Anti, fasawa tana faruwa, kuma tana da ciwo. Amma wadda ta yi wata uku tana dillanci ta san abin da mutanenta suke saye da kuɗin da suke iya biya, ba tare da ta yi asarar ko naira ba. Sannan ta sa kuɗinta a inda ta gani da idonta. Kuma dillanci da kansa yana kawo sari. Sau da yawa mace za ta zo a matse, ta ce ba za ta iya jira ba, ki saya kawai. In kina da kuɗi a hannu kin samu kaya a farashi mai sauƙi.

Malama Asma'u: Da sharaɗin kar a mayar da matsuwar mutum abin farauta. In kin san tukunyar gas ɗin ta kai dubu 30, kar ki ce mata ba ta wuce 12 ba don kin ga hawaye a idonta. Ki gaya mata abin da za ta iya samu in ta jira, da abin da ke za ki iya bayarwa yanzu, ta zaɓa.

Fa'iza Hotoro: Ni gargaɗi ɗaya zan yi, don maigidana a kasuwar waya ta Farm Centre yake sana'a. Maman Ilham, duk abin da za ki karɓa, ki bar waya da kwamfuta tukuna. Kin san yadda ƙwacen waya ya yi yawa a gari. Za a kawo miki waya mai kyau a ce ta ƙanin wance ce, ki ɗora, a saya, bayan wata biyu 'yan sanda su bi sawunta su zo kan wanda ya saya, shi kuma ya nuna ki. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma kafin ki wanke kanki kin kwana inda ba ki so. Masu harkar suna danna *#06# su ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, su gwada da ta jikin kwali, su nemi rasit, su ɗauki hoton mai sayarwa da katin shaidarsa, su sa ya cire asusunsa na Google ko iCloud a gabansu. In ba za ki iya duk wannan ba, ki tsaya a kayan kicin da na yara. Haka zinare, ki bar wa masu sikeli.

Maman Haidar: A taɓo maganar biya ma. Mu masu saye tsoro muke ji mu tura kuɗi kafin mu ga kaya.

Anti Bilki Kaduna: Mu ma masu sayarwa tsoron muke ji. Alat na bogi ya yi yawa. Za a turo miki hoton rasit da sunanki da komai, har saƙon banki ya shigo, alhali ba abin da ya shiga. Kar ki saki kaya sai kin buɗe manhajar bankinki, ko Opay ne ko Moniepoint, kin ga kuɗin sun hau kan abin da ke ciki. Duk mai cewa sauri yake, ɗan sahu yana jira a ƙofa, netwok ne ya riƙe, ki ce ya jira netwok ɗin. Kuma ki ware asusun sana'a daban da na cefane, in ba haka ba ba za ki taɓa sanin ko kina riba ba. Ki lissafa har naira 50 ɗin da ake cirewa a kan dubu 10 zuwa sama, da leda, da sabulu, da gawayin guga, da data. A ƙananan nan riba take zurarewa.

Hajiya Ummi: A nan zauren tsarinmu bai canja ba. Cikin gari, a ba da kafin alƙalami da kuɗin mai kawowa, a cika in kaya sun iso. Wani gari, a biya duka, mai kaya ta kai tasha ta turo lambar direba da hoton kunshin. In sabuwa ce ba a san ta ba, kuɗin su zauna a hannun ɗaya daga cikin masu kula da zaure har kaya su isa. Kuma ina ƙara jan kunne, kar wadda ta ba baƙo kwatancen gidanta don ya gani a Facebook ko shafin saye da sayarwa na Jiji. Can kowa da kowa ne, ba kamar sitatus ba da sai mai lambarki. In namiji ne zai duba firji ko gado, ya zo lokacin da maigida ko wani babba yake nan. In ƙaramin kaya ne a haɗu a bakin titi, wurin shagon da aka san ki.

Maman Haidar: Saura aibi. Don Allah masu sayarwa ku daina ɓoye tabo da filta. Riga ta zo mini ruwan toka alhali a hoto shuɗiya ce, ga ɗinki a hammata.

Malama Asma'u: Wannan shi ne algus ɗin da aka hana. Manzon Allah (SAW) ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ya ji danshi a ciki, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa. Ya ce me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da mu. A waya, saman tarin shi ne hoton farko. In akwai tabo ki ɗauke shi kusa, ki sa yatsa a wurin. Wadda ta saya ba ta san da aibin ba tana da haƙƙin mayarwa, rubuta "ba a dawo da kaya" a ƙasan hoto ba ya goge wannan haƙƙin.

Anti Bilki Kaduna: A nan kam bakinmu ɗaya. Ni da safe nake ɗauka a tsakar gida, a inuwa, ba fitila ba filta. Kuma ba na rubuta "ɗan shekara uku", don lambar da ke wuyan rigar ta yaran Turai ce, ba lallai ta yi daidai da namu ba. Tef nake sawa in auna tsawo da faɗin ƙirji in rubuta, uwa ta auna rigar ɗanta a gida ta gwada. Tun da na fara haka rigimar "bai shige shi ba" ta ragu ƙwarai. A wanke kuma a shanya a rana a goge, warin dila shi kaɗai yana korar mai saye ta biyu.

Maman 'Yanbiyu Maraɗi: Ta kuma lura da lokaci. Rigunan sanyi da barguna tun Oktoba ake tara su kafin hunturu ya shigo su yi tsada, in Fabrairu ta wuce kuma sai baɗi. Jakunkuna da takalman makaranta gab da dawowa daga hutu. Kusa da sallah bosho yana ja baya, kowa sabo yake so ya ɗinka wa yara.

Ummu Sadik: Lokacin ne kuma kayan gida suke fitowa, don masu neman kuɗin ɗinki suna sakin abin da suka ajiye.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Ga abin da na tsayar. Zan ba maƙwabciyata haƙuri a kan dilar. Zan ɗauki dubu 40 in je Ƙofar Wambai ranar da ake fasawa in tsinci kayan yara masu kyau, ko da ribar kaɗan ce, in ga yadda mutanena za su karɓa. Sauran in ajiye saboda irin sarin da Anti Ummu Sadik ta faɗa. Yayata ta riga ta ce in fara da keken ɗinkinta da fulas-fulas ɗin da ba ta amfani da su. Anti Bilki, in na ga kayan yaran suna tafiya zan dawo gare ki maganar dila.

Anti Bilki Kaduna: Ina nan. Amma ki yi sammako, in kika kai ƙarfe goma masu shaguna sun riga sun tsince na farkon. Ki tafi da wadda ta san masu fasawa, in suka ga baƙuwar fuska farashi daban ne.

Fa'iza Hotoro: Ƙanwar maigidana tana zuwa can sari, zan tambaye ta ranar da za ta shiga ku tafi tare. Ki yi mini magana ta gefe.

Zainab Samaru: Anti Ummu Sadik, ni ma zan biyo ki ta gefe. Ina so in ji yadda zan yi wa dilar da nake ɗaukar hotunanta maganar wakilcin, don ban san ko za ta yarda ta yanke mini lada ba.

Ummu Sadik: Ki turo. In ta ƙi, akwai mata biyu a nan Zariya da suke neman mai tallata musu kayan kicin, sai in haɗa ku.